Baƙon da ke allon wayarka ya tsaya a zaure

Duk wanda ya taɓa sayen waya a kasuwar waya da ke unguwar Post Office a Maiduguri ya san cewa ciniki ba ya ƙarewa da biyan kuɗi. Akwai sauran aiki: a liƙa gilashin kariya, a saka layi, sannan a miƙa wa yaron shago ya loda mata kaya. Cikin 'yan mintoci zai turo mata manhajoji daga tasa wayar ta hanyar Xender: agogo mai ado, mai nuna zafin rana, mai kiran sallah, tocila, mai share datti, mai kawo sakamakon ƙwallo. Kowace ta buɗe sai ta yi tambaya da Turanci, shi kuma yana danna amsar amincewa da sauri, domin akwai mai jira a baya. Mai waya zai karɓi kayansa ya yi godiya, ba tare da ya san cewa a waɗannan mintoci an raba makullan gidansa ga baƙin da bai taɓa gani ba.

Yawancin waɗannan kayayyaki ƙanana ne, irin waɗanda masana kwamfuta ke kira wijet: 'yar manhaja mai aiki ɗaya tak, wadda ke zaune a gefen allon waya ko na kwamfuta, ko a cikin shafin intanet. Ƙanƙantarta ce ke sa a raina ta. Mutum zai yi dogon tunani kafin ya saka manhajar banki, amma wa zai tsaya binciken agogo? Sai dai a wurin na'ura babu babba babu ƙarami, akwai mai izini da marar izini ne kawai. Agogon da aka bai wa izinin karanta lambobin waya zai karanta su daidai da yadda manhajar banki za ta karanta.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne: kuskure ne a ɗora nauyin tsaron gida a kan ɗan yatsan mai waya. Iyakar abin da ƙaramar manhaja za ta iya taɓawa, da iyakar inda za ta iya aika abin da ta taɓa, ya kamata a gina su tun daga tushe, a kuma tilasta su da doka. Tambayar “ka amince?” da ake jefa wa mutum a harshen da ba ya karantawa ba ta isa ta wanke kowa ba.

Masu ƙera kwamfuta sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma sun sha wahalarta. A shekarar 2005 kamfanin Apple ya fito da wani allo na musamman mai suna Dashboard a kwamfutocinsa, inda ake jera irin waɗannan ƙananan manhajoji. Ƙa'idarsa ita ce, duk wadda ke son shiga intanet, ko karanta fayil a wajen ɗakinta, ko bai wa kwamfuta umarni, sai wanda ya ƙera ta ya rubuta hakan a fili a cikin takardar bayaninta. Abin da ba ta nema ba, ba ta samu. Microsoft ya bi wata hanya dabam a Windows Vista da ya fito a 2007 da kuma Windows 7: ƙananan manhajojin gefen allonsa suna aiki ne da cikakken ikon mai kwamfutar, duk abin da zai iya buɗewa ko gogewa su ma za su iya. A watan Yulin 2012 kamfanin da kansa ya fitar da sanarwar gargaɗi yana bai wa jama'a shawarar su kashe su baki ɗaya, saboda mugu na iya bi ta cikinsu ya ƙwace kwamfuta, kuma bai saka su a Windows 8 ba. A wannan shekarar ce ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar da wata ƙa'ida game da wijet wadda asalin hukuncinta shi ne hani: ba ta da hanyar fita intanet sai zuwa adireshin da ta bayyana tun farko.

Wannan ba tsohon labari ba ne a wurinmu. Microsoft ya daina gyara Windows 7 tun watan Janairun 2020, amma a leƙa shagunan buga takardu da cike fom na intanet da ke kewayen Jami'ar Maiduguri da sakatariya, ba za a rasa tsofaffin kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba. A kan irinsu ake cike takardun neman aiki da na jarrabawa, ana rubuta lambar NIN da BVN ta mutane da yawa a kowace rana.

Abin da tarihin nan ya koyar shi ne ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce ta shiga cikin gida, wato lambobin waya, hotuna, saƙonni, makirfo, da wurin da mutum yake. Ta biyu ita ce ta fita waje, wato intanet. Manhajar da ta ga hotunanka amma ba ta da hanyar fita, ɓarnarta kaɗan ce. Wadda ke da hanyar fita amma ba ta ga komai ba, ita ma haka. Haɗuwar biyun ce haɗari. To abin mamaki, wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun mafi yawan mutanenmu, suna tambaya ne a kan ƙofa ɗaya. Tun daga 2015, lokacin da Android 6 ya fito, waya kan tsaya ta tambaye ka kafin manhaja ta taɓa kamara ko lambobinka. Amma izinin shiga intanet an sa shi cikin jerin izini na yau da kullum, wanda ake bayarwa kai tsaye ba tare da an tambayi kowa ba. Ba ka taɓa ganin wayarka ta ce “tocilar nan tana son magana da wata kwamfuta a ƙasar waje, ka yarda?” ba, kuma ba za ka gani ba. Dalilin bai ɓuya ba: manhajojin kyauta da talla suke rayuwa, talla kuma ta intanet take zuwa, kuma kamfanin da ya ƙera Android shi ne babban dillalin talla na duniya.

Maganar tocila ba ba'a ba ce. A watan Disambar 2013 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kama wani kamfani mai manhajar Brightest Flashlight, wadda miliyoyin mutane suka saka, da laifin aika bayanin wurin da masu amfani da ita suke zuwa ga masu talla ba tare da ya faɗa musu gaskiya ba.

Misalin da ya fi kusa da zuciyarmu shi ne na manhajojin sallah. A watan Nuwambar 2020 mujallar Vice ta wallafa binciken da ya nuna cewa Muslim Pro, ɗaya daga cikin manhajojin lokutan sallah da suka fi yaɗuwa a duniya, tana aika bayanin wurin da masu amfani da ita suke ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Kamfanin Muslim Pro ya musanta cewa ya sayar wa soja bayanai, ya kuma ce ya yanke hulɗa da dillalin. A watan Afrilun 2022 wasu masu bincike biyu, Joel Reardon da Serge Egelman, suka bayyana cewa sun gano wani ɓoyayyen sashe na wani kamfani mai rajista a ƙasar Panama a cikin manhajoji da dama, har da na kiran sallah da na alƙibla da wata 'yar manhajar agogo da yanayi. Sashen yana kwashe lambar waya da adireshin imel da wurin da mutum yake, a wasu manhajojin har da rubutun da ya kwafa don ya liƙa a wani wuri. Google ya cire manhajojin daga shagonsa, bayan sun riga sun shiga wayoyi miliyoyi.

Ya kamata a tsaya a nan a yi lissafi, domin a ga yadda buƙatar take. Lokacin sallah da rana ake auna shi, kuma ilimin falaki ya daɗe da warware shi. Abin da ake buƙata shi ne kwanan wata da matsayin gari a doron ƙasa. Duk digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma minti huɗu ne, shi ya sa rana ke yin zawali a Maiduguri kimanin minti 18 kafin ta yi a Kano. A yankinmu sai mutum ya yi tafiyar kusan kilomita 27 zuwa yamma kafin lokaci ya canza da minti ɗaya. Ke nan wanda ke Gwange da wanda ke Bulumkutu lokacin sallarsu ɗaya ne. Manhajar na buƙatar sunan gari sau ɗaya, daga nan za ta iya lissafa lokutan shekara guda ba tare da ta taɓa intanet ba. Idan ta nace sai ta san ƙofar gidanka, ta kuma nemi ta riƙa bibiyar ka ko da ba ka buɗe ta ba, to wannan ba don Azahar da La'asar ba ne.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Talaka ne, me zai ɓoye? Wannan tambaya a wani gari za a iya yi mata uzuri, amma ban da Maiduguri. A nan ne aka ga, a watan Satumbar 2012, yadda 'yan Boko Haram suka riƙa ƙona turakun sadarwa bisa zargin kamfanonin waya na taimaka wa jami'an tsaro gano inda suke. A nan ne, bayan dokar ta-ɓaci da Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana a watan Mayun 2013, aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa na tsawon makonni. Ɓangarorin biyu duka sun fahimci abu ɗaya: sanin inda waya take, da wanda ta kira, makami ne. Garin na cike da mutanen da jerin lambobinsu ke iya zama sanadin mutuwar wani: ma'aikacin agaji da ke zuwa Monguno ko Dikwa, ɗan jarida da majiyoyinsa, ɗan sa-kai na Civilian JTF, matar da ta kuɓuto daga daji tana zaune inda ba ta so a sani. Dillalin bayanai ba ya tambayar mai saye me zai yi da kayan.

Ko a ajiye maganar tsaro, Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin da izinin karanta lambobi ke haifarwa. Manhajojin bashi sun bai wa mutane 'yan dubban naira, suka kwashe lambobin da ke wayoyinsu, ranar da biya ya yi jinkiri suka tura wa surukai da abokan aiki da limamin unguwa saƙon cewa wane ɓarawo ne. A ƙasar da mutunci ke gaba da dukiya, wannan ya fi ƙwace kaya ciwo. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan aiki. A watan Maris na 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista. Waɗannan matakai sun yi amfani. Amma a ganina abin da ya fi karya lagon sana'ar shi ne matakin da Google ya ɗauka daga ranar 31 ga Mayun 2023, lokacin da ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa neman izinin lambobi da hotuna da ainihin wurin da mutum yake. Ba a ce su tambaya da ladabi ba, an cire musu damar tambayar gaba ɗaya. Wanda ke cikin matsi, yaro na asibiti, zai danna amincewa ga duk abin da aka sa a gabansa, don haka kariyar da ta yi masa aiki ita ce wadda ba ta jira zaɓinsa ba.

Sai dai wannan kariya tana da rami, kuma ramin ya fi faɗi a wurinmu. Dokar Google tana aiki ne a kan abin da aka sauke daga shagon Google. Manhajar da ta zo ta Xender ko ta WhatsApp ko ta katin memori ba ta bi ta wannan ƙofa ba. Mutane ba don sakarci suke yin haka ba: data na da tsada, sabis na yankewa, kuma garin ya shafe dogon lokaci cikin duhu bayan an lalata turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu a watan Janairun 2021, ta yadda cajin waya kansa ya zama abin tattali. Wanda zai iya karɓar manhaja kyauta daga wayar maƙwabcinsa cikin daƙiƙa goma ba zai ƙona datarsa ba. Ga kuma tsofaffin wayoyi 'yan gwanjo da ba sa karɓar sabuntawa. Zaɓin bai wa manhaja izini na sau ɗaya ya zo ne da Android 11 a 2020, zaɓin nuna mata gari maimakon ƙofar gida kuma da Android 12 a 2021. Mai tsohuwar waya bai san da zamansu ba.

Akwai hujjar da masu adawa da tsauraran iyakoki ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa idan aka ɗaure manhaja da yawa, amfaninta zai tafi. Gaskiya ne manhajar gargaɗin ambaliya tana buƙatar sanin unguwar da kake. Wanda ya kwana a Maiduguri daren 10 ga Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye gari, ba zai yi jayayya da wannan ba. Gaskiya ne kuma matashin da ya koyi ƙera manhaja a nan gida ba shi da hanyar samun kuɗi sai talla, domin mutanenmu ba su saba sayen manhaja ba. Amma ba wanda ya ce a toshe ƙofa da bulo. Gidan Bahaushe da na Babarbare duka suna da zaure, kuma zaure ba don korar baƙo aka yi shi ba. Mai gyaran famfo yana wucewa har inda famfon yake, mai kawo saƙo yana tsayawa a waje, babu kuma wanda ake bai wa makullin ɗakin uwargida don ya zo gyaran agogon bango. Manhajar ambaliya ta san unguwa, ta aika wa hukumar da ke da alhakin ceto, iyakarta ke nan. Talla kuma ana iya nuna ta ba tare da an san sunan surukin mai kallo ba, kamar yadda gidajen rediyo ke yi tun kafin a haife mu.

Shafukan intanet ma suna da nasu baƙin, kuma a nan hukumominmu ne ke da abin dubawa. Akwatin hira, maɓallin yaɗa labari a Facebook, taswira, ma'aunin yawan maziyarta, duk kayan aro ne da mai shafi ke jawowa daga kwamfutar wani kamfani. Idan an liƙa su kai tsaye a cikin shafi, burauza na ɗaukar su a matsayin 'yan gida, suna iya ganin duk abin da ake rubutawa a fom. A watan Fabrairun 2018 wasu suka kutsa cikin Browsealoud, wata 'yar manhaja mai karanta wa masu raunin gani shafi da murya, nan take shafuka sama da 4,000 suka kamu, har da na hukumar kare bayanai ta Birtaniya kanta. A watan Yunin 2024 an ga irin haka da Polyfill, wanda shafuka sama da 100,000 ke jawowa, bayan adireshinsa ya koma hannun sabon mai shi. Akwai dabarun killace irin waɗannan kayan aro, da na rubuta wa burauza jerin adireshin da shafi ya yarda a yi magana da su, kuma ba su da tsada. Duk shafin gwamnati ko na makaranta da ke karɓar lambar NIN ko lambar asusun banki, musamman na rajistar tallafi ga waɗanda rikici ko ambaliya ta shafa, bai kamata ya ɗauki kayan aron da ba dole ba. Ya kamata a rubuta wannan sharaɗi a cikin takardar kwangilar gina shafin, kafin a biya ɗan kwangila.

Doka kuwa muna da ita. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce bayanan da za a tattara kada su wuce mafi ƙarancin abin da aikin ke buƙata, ta ce amincewa sai an bayar da ita bisa sani da son rai, shiru kuma ba amincewa ba ne. Hukumar NDPC da dokar ta kafa ta nuna tana iya cizo, domin a watan Agustan 2024 ta sanar da tarar sama da naira miliyan 555 a kan bankin Fidelity, kamar yadda FCCPC ta sanar da tarar dala miliyan 220 a kan Meta a watan Yulin wannan shekarar. Amma idon hukumomin ya fi karkata ga manyan kamfanoni masu ofis a Legas da Abuja. Agogo da tocila da manhajar kiran sallah ba su da ofis a nan, kuma su ne suka fi yawa a aljihun mutane. Abin da ya dace NDPC ta yi shi ne ta fitar da jerin izinin da kowane nau'in manhaja ba shi da hurumin nema a Najeriya, kamar yadda aka yi wa masu bashi, ta kuma tura wa Google da kamfanonin da ke sayar da wayoyi ɗauke da manhajojin da ba sa gogewa. Sannan ta bayyana matsayinta a kan tambayar da ke gaban kowa: shin amincewar da aka nema da Turanci daga wanda Hausa ko Barbarci ko Ajami kawai yake karantawa, amincewa ce bisa sani?

Kafin hukuma ta motsa, mutumin da ya fi kowa iko a kan wannan lamari a Maiduguri shi ne yaron shagon waya. Ta hannunsa manhajoji ke shiga wayoyin gari, shi ke danna amsa a madadin dattijo da matar aure da ɗalibi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya suna da shugabanni da tarurruka, suna da dokokin hana sayen wayar sata. Za su iya ƙara wata: a daina loda manhajar da ba a san asalinta ba, a zaɓi sunan gari da hannu a manhajar sallah maimakon buɗe mata wurin da mutum yake, a hana tocila da agogo lambobi da makirfo, a kuma kashe musu data a wayoyin da saitinsu ya bayar da damar yin haka. Malaman sashen kwamfuta na Jami'ar Maiduguri da na Kwalejin Fasaha ta Ramat za su iya tantance manhajoji goma ko ashirin da aka fi lodawa, su faɗi abin da kowace ke nema da inda take aikawa, a buga sakamakon da Hausa da Barbarci a liƙa a bakin shaguna.